Hannun da Ya Shigo Hoton Gauraki

Ranar wata Juma'a ce da kaka, bayan an sauko daga masallaci, a shekarun da mazan da suka je yaƙin Bama ba su daɗe da dawowa ba. Dattawan unguwarmu sun cika zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Dingyaɗi, suna miƙa wa juna hotunan da aka wanko wa mahaifina daga birnin Sakkwato. Kofur suke kiransa, muƙamin da ya dawo da shi daga soja. Ni ina tsugune a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwan sha, ban kai ga fara azumi ba a lokacin. Duk wanda hoto ya zo hannunsa sai ya ɗan duba, ya ce, "Madalla, Kofur," ya miƙa wa na kusa da shi, kamar yadda aka saba. Sai wani hoto ya iso hannun Bawa baduku, ya tsaya a nan. Bawa ya miƙe ya kawo shi bakin ƙofa wurin haske, ya ƙura masa ido, ya buga wani salati da ban taɓa jin an yi wa hoton Baba ba. Ni na ɗauki wannan hoton. Daɗi ya kama ni har na kasa rufe baki. Kafin ruwan ƙwaryar nan ya zagaya zaure daɗin ya koma kunya, kuma na daɗe ina ɗauke da ita.

Ni ne ɗan fari. A wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi, ba ya ma son a kama shi yana kallonsa. Ina goye aka ɗauki Baba soja, ana yaye ni aka kai ni Mandera wurin kakata ta wajen uwa. Can na yi wayo, tana kirana mijinta, tana ɓoye mini ƙanzo. Da Baba ya dawo aka maido ni gida, na tarar da wani dogon mutum mai sanƙo, mai tafiya kamar ana buga masa ganga, wanda hannunsa na dama yake rawa ko yana zaune. In zai sha fura da hannu biyu yake riƙe ludayi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sami hannun, shi ma bai faɗa ba. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba. A cikin gida ta bakin ƙanwata yake aikena. In kuwa mu biyu ne a gona ko a hanya, sai ya yi magana da jakinsa. Sunan jakin Saje. Ya ce a soja saje ya daɗe yana hawan kansa, shi ya sa da ya dawo ya sayi nasa sajen yana hawa. Sai in ji ya ce, "Saje, hwaɗa ma wancan shi ɗebo ruwa." Jaki ya kaɗa kunne, ni kuma in tashi in ɗebo.

Abin da ya dawo da shi daga yaƙi bai da yawa: bargo, takalmi mai nauyi, da wani baƙin akwatin hoto da bai fi ƙaramin akushi girma ba. An ce wani Bature da suka yi zama tare ya bar masa. Ana manna akwatin a ciki, a leƙa wani ɗan gilashi da ke samansa, a danna wani ɗan ƙarfe a gefe. Da fari mutane ya so ya ɗauka, suka ƙi. Wasu suka ce babu kyau, wasu suka ji tsoron kada fuskarsu ta isa hannun Nasara a tuna da su ranar ɗibar aikin hanya. Sai ya koma wa tsuntsaye. Ya ce su ba sa tambayar inda za a kai su. Fim ba ya samuwa sai a birni, shi ma sai an cire albasa yake iya aikawa a sayo, saboda haka kowace ɗauka ɗaya sai ya yi kwanaki yana shirya ta. Ya san inda zalɓe yake tsayuwa a fadama, ya san lokacin da dinya take sauka, ya san kukar da shamuwa take fara yin sheƙa in damina ta matso. Zai yi rub da ciki a cikin laka daga hantsi har rana ta take, sauro na cinsa, bai motsa ba. In fim ya cika sai ya ba wani mai fataucin albasa ya kai wa wani Bayarabe a birni ya wanke.

Ranar da hotuna suka dawo kamar ƙaramar salla ce a gidanmu. Baba ya sa a share zaure, ya sayo goro, ya sa rigarsa ta Juma'a. Shi yake fara miƙa hoto, yana bayani. "Wanga zalɓe na, bakin tabki. Wanga belbela ta bisa bayan saniya." Ni daga bakin ƙofa nakan hango su. Fari ne da baƙi sun cakuɗe, kamar an shafa toka a jikin bango da tsumma. Wani lokaci ka ga alamar itace, wani lokaci ba ka ga komai ba. Hannun nan ne. Ko ya ɗora akwatin a kan dutse, da ya zo danna ƙarfen sai hannun ya fizge shi. Shi dai yana ganin tsuntsunsa a ciki, domin ya san inda ya bar shi tsaye, ga shi kuma idonsa ba ya ganin abu na kusa sosai. Dattawa kuwa sai madalla. Na sha ganin wani tsoho ya riƙe hoto kai a ƙasa, yana gyaɗa kai, yana cewa Allah ya yi wa Kofur baiwa. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya je inda ba su je ba, ya dawo da hannu yana rawa, ya tara su ya ba su goro. Ba wanda zai buɗe baki ya ce masa bai ga tsuntsu ba.

Mutum ɗaya ne yake da ikon faɗa, shi ne Bawa baduku. Ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa, kuma tsakanin taubasai babu kunya babu fushi. Yana da rumfa a kasuwar Bodinga, shi ya ɗinka wa akwatin hoton jakar jar fata. Bawa bai bar Baba da komai ba. Ya ce sanƙonsa Turawa suka riƙa duba fuska da shi, ya ce soja girki ya je yi musu, ya kwaikwayi tafiyarsa a tsakiyar kasuwa har mata masu fura suna riƙe ciki. Baba ya rama, ya ce warin jima ya riga Bawa shiga masallaci. Amma in hoto ya zo hannun Bawa, sai ya ajiye wasa ya ce madalla kamar kowa. Ina yaro ban gane ba. Na ɗauka hotunan ne suka fi ƙarfin wasa.

Ni dai aikina gona. Ban yi boko ba, allo ma da sassafe ne kawai kafin a fita. Da damina in bi Baba noma, in yanko wa Saje ciyawa, in kai awaki bakin daji. Da rani mu koma fadama ban ruwan albasa, shi yana jan jigo, ni ina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali da ƙafa da 'yar fartanya, har tafin ƙafata ya tsattsage. In dawa ta fara nuna sai a ɗora mu a kan rumfar kara a tsakiyar gona, mu wuni muna ihu muna wurga majajjawa don korar tsuntsaye. Tsakanin haka mu yi langa, mu yi kokawa a rairayi, mu kama fara mu gasa, mu haƙa ramin gafiya. Sa'o'ina tsuntsu nama ne a wurinsu, ni ma haka, ina da danƙo kuma ba na kuskure. Amma duk ranar da Baba ya rataya jakar jar fatar nan, ni nake jan Saje a bayansa. Ban taɓa taɓa akwatin ba. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce ɗaya ba: in yi wani abu, mutumin nan ya ce ya yi, ko ta bakin jaki ne.

A ƙarshen daminar wannan shekara gauraki biyu suka sauka a wata fadama ta wajen Shagari, inda muke da 'yar gonar shinkafa. Baba ya yi kwanaki yana bibiyarsu. Wata safiya muka ɗaure Saje a gindin giginya, muka ja ciki a cikin ciyawa har muka matso kusa, rana tana bayanmu. Sai tsuntsayen nan suka fara rawa. Su buɗe fiffike, su yi tsalle, su sunkuyar da kai, tukkun nan nasu kamar an tsoma tsintsiya a zinariya. Baba ya gyara akwati a kan wani tudun ƙasa. A ranar hannun ya tashi fiye da kullum, har akwatin yana ƙara a jikin zobensa. Ya danne shi da na hagu, ya ƙi. Ya cije leɓe, gumi yana zuba daga sanƙonsa. Ɗauka ɗaya ce ta rage a fim ɗin. Sai ya turo mini akwatin ta cikin ciyawa ba tare da ya dube ni ba, ya yi raɗa, ko da yake jakin yana can nesa: "Saje, shi leƙa gilashi. Shi riƙe numfashi. In na ɗaga hannu, shi danna." Ya ɗan ja gaba ta gefena don ya fi ganinsu. Na leƙa, na ga tsuntsaye biyu ƙanana a cikin gilashi. Na riƙe numfashi kamar zan harbi kurciya. Ya ɗaga hannu. Na danna. Muka koma gida, ban gaya wa kowa ba.

Hoton nan ne ya tsaya a hannun Bawa ranar Juma'ar. Ya ce, "Kai! Wanga kam tsuntsu na! Ga ido, ga tukku, har gashin wuya ana ƙirgawa!" Zaure ya ruɗe. Tsofaffin da suka saba karɓar hoto daga zaune suka miƙe, suna ture juna, kowa yana cewa a ba shi ya gani. Wanda yake riƙe hoto kai a ƙasa ya juya wannan daidai da kansa, ba wanda ya nuna masa. Wani ya ce ya san fadamar, ga giginyar can. Wani ya aika a kira ɗansa. Ba wanda ya ce madalla, ba su ma tuna da kalmar ba. Ni ina ta washe baki. Bawa kuwa daɗi ya ɗebe shi, ya juya ya ce, "Yau dai ka kawo muna tsuntsu, taubashi, ba hayaƙi ba!" Aka yi dariya, sai dariyar ta tsinke a tsakiya. Na dubi Baba. Yana zaune a kan buzunsa, sauran hotunan suna zube a gabansa ba mai kula su. Ya dubi mutanen da suka taru a kan hoto ɗaya, ya dubi na gabansa. A hankali ya ce, "Da can hayaƙi nika kawo muku?"

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai wani matashi mai kaifin ido ya sa yatsa a gefen hoton ya ce, "To wanga hannu na wa na?" Aka sake sunkuyawa. A kusurwar dama, daga ƙasa, ga hannun mutum a ɗage. Komai na cikin hoton ya fito tsaf, tsuntsaye da ciyawa da ruwa, hannun nan kaɗai ya watse kamar hayaƙi, sai ɗan hasken zobe. Kowa ya san zoben. Kowa ya san hannun da yake rawa haka a garinmu. In hannun Kofur yana cikin hoto, to ba Kofur ya danna ba, kuma kowa ya san wanda yake jan jaki a bayansa. Idanu suka juyo bakin ƙofa, suka same ni da sauran murmushi a fuska. Baba ba zai ce shi ya ɗauka ba, domin ba ya ƙarya. Ba zai ce ɗansa ya ɗauka ba, domin ba a yabon ɗan fari, balle a gaban jama'a. Su ma ba za su yabe ni a gabansa ba. Hoton ya rasa mai shi. Bawa ya ajiye shi a kan tabarma a hankali kamar garwashi. Baba ya dube shi ya ce, "Sanƙona ka gani. Tahiyata ka gani. Hayaƙin ga ɗai na ba ka gani ba, shekara da shekaru?" Bawa mai bakin da ba ya mutuwa ya sunkuyar da kai. Mutane suka fara neman takalmansu. Na ajiye ƙwarya na gudu bayan rumbu, na zauna a can har aka kira la'asar. Ban yi ƙarya ba, ban yi sata ba, abin da aka sa ni na yi. Amma ji nake kamar ni na tuɓe wa ubana riga a kasuwa.

Daga ranar Baba ya daina zama a zaure. Daga gona sai ɗaki, daga masallaci sai gida, ba ya tsayawa gaisuwa mai tsawo. Jakar jar fata tana rataye a jikin bango har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Ya daina bi ta rumfar Bawa. Abin da ya fi damuna, ya daina magana da Saje. Mu wuni muna yankan dawa, muna ɗaurin dami, sai dai ya nuna abu da haɓa. Innata ba ta ce mini komai ba, ita ma kunyar ta hana, sai dai na ga tana ƙara mini tuwo. Yara a dandali suna ce mini mai hoto, in kama mutum in kayar, in cusa masa ƙasa a baki. Kakata ta zo daga Mandera ta ji labari, ta ce a nuna mata tsuntsayen mijinta. Ita kaɗai take da ikon yabona, ta kuwa yaba har da guɗa. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na tsani hoton. Na yi tunanin in jefa shi a murhu, ban san inda Baba ya ajiye shi ba.

Bayan an gama sussuka, wata safiya muka ɗora wa Saje gero a mangala muka nufi kasuwar Shagari. Mun yi nisa, babu kowa a hanya, sai Baba ya ratse gindin wata tsamiya. Ya zauna, ya ciro wani ƙunshin tsumma daga aljihu, ya kwance. Hotunansa ne duka, tun na farko. Ya jera su a kan ƙasa, ya danne kowanne da tsakuwa. Ya ɗaga ɗaya sama, fuskarsa tana wajen jaki, ya ce, "Saje, tambayi wancan, mi shika gani nan? Kuma ka hwaɗa mai, in yac ce madalla, shi koma Mandera." An hore mu kada mu dubi idon babba, kada mu ce masa ya yi kuskure, ga shi uban da ya haife ni yana neman in auna masa aikinsa. Na dubi hoton. Na dubi jaki, domin ni ma ba zan iya fuskantar Baba ba. Na ce, "Saje, ban ga komi ba." Ya ajiye, ya ɗaga wani. Na ce na ga kamar itace. Ya ce zalɓe fa? Na ce babu zalɓe. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana zubo mini, shi kuma bai tsallake ko ɗaya ba. A wani na ga ƙafafun saniya. A wani na ce ruwa ya fito da kyau, kuma gaskiya ne, domin ruwa bai damu da rawar hannu ba. Ya daɗe yana duban wannan. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, har yau da na tsufa.

Da muka gama ya tattara su ya ƙulle. Sai ya ciro na gaurakin daga wani aljihu daban. Ya miƙa hannu nesa da fuskarsa yana duba. Ya ce, "Saje, hwaɗa ma wancan ya yanke ƙahwar na hagu. Ya bar sama da yawa, sai ka ce gajimare aka aike shi ɗauka. Akwatin ya karkata, ruwa ba shi kwanciya hakan ga. Kuma mai hoto shina duba kusurwa huɗu kahin shi danna. Ya bar hannun mutum ya shigo." Na duba, duk abin da ya faɗa haka yake. Mutanen zaure sun yi ta ihu a kan hoton, ba wanda ya ga ƙafar da aka yanke. Shi ya gani, da wannan idon nasa, domin ya zauna ya dube shi da gaske, wataƙila kwana da kwanaki. Ya miƙo mini hoton ta kan bayan jaki. Na karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Saje, tashi, rana ta yi." Ban san dalili ba, amma a sauran hanyar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kasuwar Bodinga da ta biyo baya, kai tsaye ya wuce rumfar Bawa, ya zube masa ƙunshin a kan fatun da yake yanka. Ya ce bashin zagi yake bin sa, ya biya yanzu. Bawa ya baza hotunan. Sai ya ɗauki ɗaya ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ai ranar da aka yi gobara a Bama ce. Ya ɗauki wani ya ce wannan tuwon da Kofur ya ƙona wa Turawa ne. Ya bi su kaf, bai raga wa ko ɗaya ba, mutane suka taru ana dariya. Baba yana tsaye yana ramawa, yana cewa baduku da bai san bambancin zalɓe da akuya ba sai an jeme su. Na ga idon Bawa ya yi ja, yana dariya yana share shi da hannun riga. Juma'ar da ta zagayo aka share zaure.

Daga nan aikin ya rabu biyu. Shi yake zaɓen wuri da lokaci, shi yake sanin inda rana za ta faɗo da inda tsuntsu zai juya, ni nake danna ƙarfe. In hotuna suka dawo, kafin a kai su zaure sai mun tsaya da su a gaban Saje. Wannan ya yi nisa. Wannan an yi gaggawa. Wannan inuwar mai ɗauka ta faɗa ciki. A zaure ma aka daina madalla, har tsofaffi suka koyi cewa wannan bai kai na gauraki ba. Ba a taɓa faɗin wanda ya ɗauka ba, hoton gidan Kofur ake cewa. Bai taɓa yabona ba har ya koma ga Allah. Mafi kusa shi ne ranar da muka samo wani burtu yana tafiya a cikin gona bayan girbi. Ya juya hoton, ya sake juyawa, yana neman abin faɗa. Can ya ce, "Saje, wanga ba laihi." Jakin farko ma a lokacin ya mutu, wannan wani ne daban, amma sunan bai canza ba.

Bayan rasuwarsa na ga abubuwa. Na ga fari ya cinye dabbobinmu, na yi dako a birane, na binne mata da 'ya'ya. Akwatin ya lalace a wata damina da ɗaki ya rufta, hotuna suka tafi tare da shi, sai na gaurakin da yake cikin jakar layata. Mutane suna cewa ina da baƙar magana, in an nuna mini abu ba na iya cewa ya yi alhali bai yi ba. Ban musa ba. A gindin tsamiya aka koya mini, kuma da tsada na koya.

Yanzu fadamar nan ta zama gonaki har bakin ruwa, injin ban ruwa yana ruri inda jigo yake kuka, kuma na manta rabon da in ji kukan gauraka. Jikokina kowa da waya a hannu. Su ɗauki ƙadangare, su ɗauki faɗuwar rana, su aika wa mutanen da ba su taɓa gani ba, nan take a yi ta turo musu yabo. Ɗan fari yana zaune a cinyar ubansa ana kiran sunansa, ban ce laifi ba ne. Akwai wata jikata da take son tsuntsaye, ita takan kawo mini nata, domin ta ce sauran duk cewa suke ya yi kyau. In duba in ce ta yanke wutsiya, ta bar sama da yawa. Ta turo baki ta tafi, gobe ta dawo da wani. Kwanan baya ta ga hoton gaurakin, ya yi ja, gefensa ya cinye. Ta ɗauke shi da wayarta, ta ce za ta iya gyara shi ya koma sabo, har ta goge wannan dusu-dusun da ke kusurwa, domin shi ya ɓata hoton. Na ce gaskiyarta, shi ya ɓata shi, mai hannun ma ya faɗa. Na ce ta gyara tsuntsayen in tana so, amma ta bar kusurwar yadda take.

Baba bai yarda an ɗauke shi hoto ba har ya mutu. Abin da ya rage mini na ubana ke nan, hannu ɗaya a ɗage, yana rawa, yana ce mini in danna.